MOTAR FETUR, RUWA-BIYU KO TA LANTARKI: WACCE CE MAI ARHA A JOS?

Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya faɗa cikin jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin riƙe mota ya sake kama a ƙasar nan. Litar fetur wadda ake saye ƙasa da N200 ta kai wajen N500 cikin 'yan kwanaki, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 ta ƙetare N1,000 a garuruwa da yawa. A cikin watan Yuni na 2023 kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, har Dala ɗaya wadda take wajen N460 a farashin hukuma ta haura N1,500 a shekarar 2024. Watau mai ya yi tsada, mota ta yi tsada, kayan gyaranta ma sun yi tsada, duk a lokaci guda.

Dattawan da suka ga zamanin da aka fara harhaɗa Fijo 504 a Kaduna cikin 1975, suka kuma sha litar fetur a kan kwabo 20 a 1982, sun san cewa a wancan lokaci ba mai tambayar yawan man da mota take sha. Yau kuwa ita ce tambaya ta farko a bakin mai saye, ko a Jos ko a Bukuru. Daga nan ne zancen motar lantarki da motar ruwa-biyu ya shigo majalisu da garejojin kanikawa, wasu suna cewa su ne mafita, wasu suna cewa kayan masu hannu da shuni ne. Hanyar raba gardama ita ce a tara duk abin da kowace mota za ta ci daga ranar da aka saye ta har ranar da aka rabu da ita, domin kuɗin da aka miƙa wa dillali ba shi ne kuɗin mota ba, somin-taɓi ne kawai.

IRI UKU

Motar fetur ba ta bukatar gabatarwa. Ta biyu ita ce wadda kanikawa suke kira haibirid, watau ruwa-biyu: tana da injin fetur, tana kuma da injin lantarki da ƙaramin batir. Ba a jona ta da wuta. Batirinta yana cika ne daga injin fetur da kuma ƙarfin da take tattarawa duk sa'ad da direba ya taka birki, ƙarfin da motar fetur take zubarwa a banza ya zama zafi. A cikin cunkoso injin fetur yakan mutu da kansa, lantarki ya ja motar. Kamfanin Toyota na Japan ne ya fara fitar da irin wannan mota kasuwa da yawa, da ƙirar Prius a watan Disamba na 1997.

Ta uku ita ce motar lantarki zalla, wadda ba ta da tankin mai, sai babban batir a shimfiɗe ƙarƙashinta wanda ake cikawa da wuta. A shekarar 2024 an sayar da motoci masu jonawa da wuta fiye da miliyan 17 a duniya, watau sama da kashi 20 cikin 100 na dukan sababbin motoci, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin. A Norwe kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin wannan shekara na lantarki ne zalla. A nan Afirka, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal tun farkon 2024.

Nijeriya ma ta taɓa. A watan Nuwamba na 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas, mai batir na yunit 64, wadda aka ce tana tafiyar kilomita 482 da caji ɗaya, aka kuma sa mata farashi Naira miliyan 24. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya yi suna da zanen motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cikin 2021. A Maiduguri kuwa Mustapha Gajibo ya shahara wajen mayar da ƙananan bas-bas na fetur zuwa lantarki, kuma a watan Disamba na 2023 Gwamnatin Jihar Borno ta ƙaddamar da bas-bas da tasi masu aiki da gas da lantarki.

ABUBUWAN DA AKE TARAWA

Wanda zai kwatanta motocin nan uku bisa gaskiya dole ya tara abubuwa biyar: kuɗin saye tare da kuɗin fito da rajista, kuɗin mai ko wuta, kuɗin gareji, watau sabis da gyara da tayoyi da batir, ribar da kuɗin da aka zuba cikin motar za su kawo da a ce sana'a aka sa su, sa'an nan a debe abin da za a samu ranar da aka sayar da ita. Inshora da sabunta takardu suna nan a kan kowa, sai dai wanda ya yi cikakkiyar inshora zai biya gwargwadon tsadar motarsa.

Domin a ga yadda lissafin yake tafiya, bari a ɗauki misalin ma'aikaci wanda yake zaune a Bukuru, yana zuwa aiki Sakatariyar Joseph Gomwalk, yana kai yara makaranta, yana leƙa kasuwar Taminus, jefi-jefi kuma ya je ganin dangi a Bauchi ko Fanshin. A ce yana cin kilomita 15,000 a shekara, zai kuma riƙe motar shekara goma, watau kilomita 150,000. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, mai karatu yana iya cire su ya sa nasa.

LISSAFIN MAI DA WUTA

A ce motar fetur matsakaiciya, irin su Corolla da ta ɗan kwana biyu, tana shan lita 9 a kowane kilomita 100 na zirga-zirgar cikin gari. A shekara lita 1,350 ke nan. Idan aka sa lita a kan N900 domin sauƙin lissafi, kuɗin mai ya zama N1,215,000 a shekara, ko kuwa N12,150,000 a shekara goma.

Ruwa-biyu mai girman haka, idan batirinta lafiya lau yake, a ba ta lita biyar da rabi. A shekara lita 825, watau N742,500, a shekara goma N7,425,000. Rarar da ta bar wa mai ita a kan motar fetur N472,500 ce kowace shekara.

Motar lantarki kuwa da yunit ake auna cinta, irin yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa. Idan aka haɗa da ɗan abin da yake salwanta wajen caji, a ba ta yunit 18 a kilomita 100, watau yunit 2,700 a shekara. To, a nan ne gizo yake saƙa, domin yunit ba farashi ɗaya gare shi ba. A watan Afrilu na 2024 hukumar da take kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko, wanda ake kira Band A, daga wajen N68 zuwa N225, daga baya aka sauko da shi wajen N210. A kan N210, wutar motar za ta ci N567,000 a shekara, ko N5,670,000 a shekara goma. Rararta a kan motar fetur N648,000 ce a shekara, amma a kan ruwa-biyu N175,500 kacal.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a lura da shi. Duk ƙarin N100 a kan lita yana ɗora wa mai motar fetur N135,000 a shekara, mai ruwa-biyu N82,500, mai lantarki kuwa ko kwabo. Haka nan duk ƙarin N50 a kan yunit yana ɗora wa mai lantarki N135,000, sauran biyun ba ruwansu. Kowa da inda ƙayar take jiransa.

INA WUTAR ZA TA FITO?

Ƙasar Jos tana cikin wuraren da suka riga sauran Nijeriya sanin wutar lantarki ta ƙarfin ruwa. Saboda haƙar kuza aka kafa kamfanin NESCO cikin 1929, ya ɗaure ruwan Kurra yana ba ma'adinai wuta. Yau mafi yawan gidajen Jos daga kamfanin rarraba wuta na Jos suke sha, wanda yake riƙe da jihohin Filato, Bauchi, Binuwai da Gombe, shi kuma daga babban layin ƙasa yake karɓa. An kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa awoyin da aka yi musu alkawari a rana: na farko awa 20, na biyu 16, na uku 12, na huɗu 8, na biyar 4.

Ma'aikacin nan na misali yana cin kilomita 41 a rana idan aka raba, watau yunit bakwai da ɗoriya. Soket na gida zai ba shi wannan cikin awa uku da 'yan mintoci. Ashe ke nan ko wanda yake ƙaramin rukuni yana iya riƙe motar lantarki, muddin wutar tana zuwa da ƙarfinta kuma tana tarar da motar a gida. Idan yana sayen yunit a kan N70, wutar shekara N189,000 ce kawai, arhar da ba motar da za ta kama ƙafarta. Sai dai wannan arha tallafin gwamnati ne yake riƙe da ita, kuma abin da ya sami tallafin fetur ya isa gargaɗi ga wanda zai gina lissafin shekara goma a kanta.

Sa'an nan ga ranar da babu wutar sam. A shekarar 2024 babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama. A watan Oktoba na wannan shekara, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da yake tasowa daga Inugu ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya yanke, mafi yawan jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu. Mai motar lantarki a irin wannan hali sai ya koma ga janareta. Ƙaramin janareta na fetur yakan ba da kimanin yunit 2 daga lita ɗaya. Wanda ya dogara da shi shekara sukutum zai ƙona lita 1,350 kafin ya sami yunit 2,700, watau daidai da abin da motar fetur take sha, ga hayaƙi da ƙara da gyaran janareta a kai. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Hasken rana shi ne mafita ta uku. Farantan sola masu ƙarfin kilowat 3 suna iya ba da wajen yunit 12 a ranar da gari ya washe, abin da ya zarce bukatar motar. Amma a watannin Yuli da Agusta, sa'ad da gajimare yake rufe Jos kwana da kwanaki, abin da suke bayarwa yakan ragu ainun. Daɗin daɗawa, rana tana fitowa ne lokacin da motar take wurin aiki. Ko dai a kafa farantan a ofis, ko a sayi batiran gida masu tara wutar har dare, kuma duka biyun kuɗi ne da dole a ɗora a kan kuɗin motar. Wanda yake gidan haya, yana kwantar da motarsa a bakin titi ko a gidan mai, wannan zance bai ma shafe shi ba.

GAREJI DA BATIR

Wajen sabis, motar lantarki ce a gaba nesa ba kusa ba. Idan ana juye baƙin mai kowane kilomita 5,000, motar fetur za ta shiga gareji sau 30 cikin kilomita 150,000 saboda wannan kaɗai, ban da fulogi, filta, bel, famfon mai, salansa da man giya. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan sai ɗan man giya, birkinta kuma yana daɗewa domin injin lantarki ne yake yin mafi yawan aikin rage gudu. Gurɓataccen mai, irin wanda ya lalata injunan mutane a watan Fabrairu na 2022, ba ya kusantar ta. Amma fa tana da nauyi saboda batir, don haka tana cin taya da kayan ƙafa fiye da takwararta, balle a hanyar da ramuka suka yi yawa. Ruwa-biyu tana tsakiya: tana bukatar juyen mai kamar kowace, amma injinta yana hutawa, birkinta yana jimawa.

Babban abin tsoro shi ne batir. Kamfanoni da yawa suna ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma batiran zamani sukan wuce haka suna aiki, sai dai tafiyar da suke yi da caji ɗaya tana raguwa a hankali. Farashin batir a duniya ya faɗi ƙwarai, daga sama da Dala 1,000 kowane yunit a 2010 zuwa wajen Dala 115 a 2024. Duk da haka, batir mai yunit 64 a kan wannan farashi ya haura Dala 7,000, watau kimanin Naira miliyan 11 idan Dala tana N1,500, kuma wannan farashin masana'anta ne, ba a sa jigila da fito da ribar ɗan kasuwa ba. Wanda ya sayi sabuwa da garanti yana da inuwa. Wanda ya sayi ta hannu mai shekara takwas ya sayi motar ne daidai lokacin da inuwar ta kau.

Batirin ruwa-biyu ƙarami ne. Na tsofaffin Prius bai kai yunit ɗaya da rabi ba, kuma jerin ƙananan batira 28 ne, ana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya a canja wanda ya mutu. Kuɗinsa ba ya kusa da na motar lantarki, amma wajibi ne mai saye ya sa a cikin lissafi cewa zai canja shi aƙalla sau ɗaya, tun da galibin ruwa-biyun da ake shigowa da su sun riga sun sha tafiya a Amurka ko Turai. Ruwa-biyu mai mataccen batir kuwa tana shan mai kamar kowace mota, wani lokaci ma ta ƙi tashi. Saboda haka kada a biya kuɗi sai an jona ta da kwamfuta an ga lafiyar batirin.

Sai batun hannu. Duk kwanar da motar fetur ta tsaya a Jos akwai bakaniken da ya san cikinta, kayan gyara kuma ga su nan a Dilimi da Farin Gada, sababbi da na hannu. Batirin ruwa-biyu yana ɗauke da wuta fiye da bolt 200, na motar lantarki wajen 350 zuwa 400, abin da yake iya kisa nan take. Shi ya sa ake yi wa wayoyinsu launin ruwan lemo domin gargaɗi. Ba aikin kowane rewaya ba ne. Motar da ta kwana wata biyu tana jiran wani ɗan ƙarfe daga Legas ko ƙasar Sin, mai ita yana hawan keke-napep, ta ci kuɗin da ba ya fitowa a rasit.

ABIN DA TUDUN JOS YAKE ƘARAWA

Wasu abubuwa na ƙasar Jos suna taimakon batir. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, zafinsa bai kai na sauran Arewa ba. Zafi kuwa shi ne babban abokin gabar batir. An ga haka a Jihar Arizona ta Amurka cikin 2012, inda batiran Nissan Leaf na farko, waɗanda ba su da na'urar sanyaya su da ruwa, suka yi saurin tsufa. Batirin da zai sha wuya a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, zai sami sauƙi a Rayfil ko Bukuru. Sanyin hunturun Jos kuwa, ko da yake yana sa mutane rawar ɗari, bai kai wanda yake daƙile batir a ƙasashen ƙanƙara ba. Har wa yau, mai tuƙi a Jos ba ya yawan bukatar kunna na'urar sanyaya mota, wadda take cin batir.

Tsawon tudun yana rage wa injin fetur ƙarfi, domin iskar sama ba ta da kauri. Injin da ba shi da tabo yakan rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a tsawon Jos, injin lantarki kuwa ba ruwansa da iska. Hawa da gangara ma riba ce ga mai batir. A gangaren Hawan Kibo, kan hanyar Akwanga, inda birkin manyan motoci yake ƙonewa, ruwa-biyu da motar lantarki caji suke yi suna sauka, sai dai ƙaramin batirin ruwa-biyu yakan cika tun ba a kai ƙasa ba.

Amma wanda ya gangara dole ya hauro. Daga Jos zuwa Abuja kusan kilomita 300 ne, zuwa Kano ma wajen haka, zuwa Bauchi kimanin 130. Motar da aka ce tana yin 482 ba za ta yi haka ba da gudu da kaya da hawan dutse. Za ta kai Abuja, amma ba za ta dawo ba sai ta sha wuta. Cika batir mai yunit 64 a soket na gida ya fi kwana guda cur, da na'urar caji ta bango mai kilowat 7 kuwa awa tara zuwa goma. Mai yawan doguwar tafiya ya san da wannan tun kafin ya cire kuɗinsa.

KUƊIN SAYE DA RANAR SAYARWA

Farashin motoci yana bin Dala, yana kuma sakewa daga wata zuwa wata, don haka abin da ya fi amfani shi ne ma'auni. Kuɗin da aka zuba cikin mota kuɗi ne da aka ɗaure. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Ko wanda ba ya taɓa kuɗin ruwa ya san cewa Naira miliyan ɗaya da aka sa a fataucin dankalin Turawa daga Bokkos, ko tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada, ba za ta kwana a banza ba. Idan aka ƙaddara cewa kuɗi suna kawo kashi 20 cikin 100 a shekara, to ƙarin da ya cancanci mutum ya biya domin mota mai tsimi bai kamata ya wuce ninki huɗu na rarar shekara ɗaya ba, ko ninki biyar idan ana sa ran mai zai ci gaba da hawa.

A gwada ma'aunin a kan ma'aikacin nan. Rarar ruwa-biyu N472,500 ce, ninki huɗu zuwa biyar ya kama wajen Naira miliyan 2. Idan ruwa-biyu mai lafiyayyen batir ba ta ɗara takwararta ta fetur da fiye da haka ba, ta biya. Rarar motar lantarki N648,000 ce, a ƙara mata a ce N150,000 na sabis, ta zama wajen N800,000, ninki huɗu zuwa biyar ya kama Naira miliyan 3 zuwa 4. To, mafi yawan masu sayen mota a ƙasar nan ta hannu suke saye, 'yar Kwatano ko wadda aka riga aka hau a gida, motar lantarki mai garanti kuwa sabuwa ce. Tazarar da take tsakanin sabuwar mota da ta hannu ta wuce miliyan huɗu nesa. Ko da yake Gwamnatin Tarayya ta ɗauke wa motocin lantarki harajin VAT a watan Oktoba na 2024, wannan bai cike ramin ba.

Ranar sayarwa ma abin dubawa ce. A ƙasar nan mota asusu ce. Da Naira ta faɗi, mutane da yawa sun sayar da tsofaffin motocinsu sama da yadda suka saya. Corolla ko Camry tana samun mai saye cikin kwanaki, domin kowa ya san ta. Tsohuwar motar lantarki kuwa masu nemanta kaɗan ne, kuma kowannensu da tambayar batir zai fara.

WA YA DACE DA WACCE?

Lissafin yana juyawa idan tafiya ta yi yawa. Direban haya wanda yake cin kilomita 200 a rana, kwana 300 a shekara, ya yi kilomita 60,000, ninki huɗu na ma'aikacin. Rararsa da ruwa-biyu N1,890,000 ce a shekara, da lantarki kuwa N2,592,000 kafin a sa sabis. Irin wannan rara tana iya biyan ƙarin da ya haura Naira miliyan 10. Sai dai yana bukatar yunit 36 kowane dare, abin da soket na gida ba zai bayar ba, kuma zai cinye kilomita 160,000 na garanti kafin shekara uku. Shi ya sa motar lantarki ta fi dacewa da kamfanin sufuri, asibiti, jami'a ko ma'aikata, waɗanda motocinsu suke bin hanya ɗaya kullum, kamar daga Taminus zuwa Bukuru, suke kuma kwana a fili ɗaya inda za a kafa sola da na'urar caji.

Wanda tafiyarsa ba ta kai kilomita 10,000 a shekara ba, motarsa ta fetur kuma lafiyarta ƙalau, ya riƙe abarsa, domin ba rarar da za ta biya masa canji. Mai yawan zirga-zirgar cikin gari wanda dama yana shirin canja mota, ruwa-biyu ce ta fi kusa da aljihunsa, tun da ba ta roƙon kowa wuta. Mai gidan kansa, mai sola ko tsayayyiyar wuta, wanda yake da wata motar ta doguwar tafiya, shi ne zai ci moriyar lantarki. Akwai kuma hanyar mayar da motar fetur ta koma shan gas, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa shiri a watan Agusta na 2023. Sai dai babban bututun gas da aka tsara daga Ajakuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano bai bi ta Jos ba, don haka mai wannan niyya ya fara tabbatar da inda zai riƙa shan gas ɗin.

Sauran aiki na hukuma ne. Hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, a Jos take. Ga Kwalejin Fasaha ta Bukuru, ga Foliteknik ta Jiha a Barikin Ladi. Idan waɗannan suka horar da kanikawa da rewayoyi aikin batir mai babbar wuta, aka kafa wuraren caji a manyan tashoshin mota da kan hanyoyin Akwanga da Bauchi da Saminaka, wuta kuma ta tsaya, to rabin kuɗin da suke hana motar lantarki arha a Jos sun kau. Kafin wannan rana, duk wanda dillali ya yi wa kirarin motar da ba ta shan mai, ya ɗauki alƙalami ya rubuta amsar tambaya uku: kilomita nawa yake ci a shekara, daga ina wutarsa za ta fito kuma a kan nawa, sa'an nan wa zai gyara ta ranar da ta tsaya.